Kyanwar da ta yi wa jirgin ƙasa talla

A shekarar 1933 kamfanin jirgin ƙasa na Chesapeake and Ohio a Amurka ya so ya tallata taragunsa na barci masu na'urar sanyaya iska. Wani jami'insa, Lionel Probert, ya ci karo da zanen 'yar kyanwa tana barci, kanta bisa matashi, an lulluɓe ta da bargo, ƙafa ɗaya a waje. Guido Gruenewald na ƙasar Ostiriya ne ya zana ta. Tallan ya fito a mujallar Fortune, yana yi wa fasinja alkawarin barci irin nata.

Aka raɗa mata suna Chessie, farin jininta kuwa ya wuce tsammani. Kalandar farko mai hotonta, ta 1934, an buga ta kwafi 40,000. Daga baya aka ba ta 'ya'ya biyu, Nip da Tuck, da miji mai suna Peake, wanda kalandun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suka tura fagen fama. Buga kalandun dabara ce mai kyau, domin takardar da ke rataye a ɗakin girki shekara guda ta fi kowane allon talla shiga rai.

Daga bisani motoci da jiragen sama suka kwashe fasinjojin jirgin ƙasa, har kamfanin Amtrak ya karɓi jigilarsu a 1971. Yau masu tara kayan tarihi suna neman kalandun nan ruwa a jallo, tare da katin karta, jadawalin tafiya da takardun jerin abinci masu ɗauke da hoton Chessie.