Layin Kwarmato a Wurin Aiki: Gaskiya ko Jita-jita?

Bankuna da manyan kamfanoni kan manna wata lambar waya a bango, su ce duk wanda ya ga almundahana ya kira, sunansa ba zai fito ba. Ma'aikata da yawa taɓe baki suke yi su wuce, kowa da hujjarsa.

"Ai masu binciken kuɗi ne ke kama ɓarayi, ba 'yan tsegumi ba." Wannan jita-jita ce. A rahotonta na 2024, ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE ta ce kashi 43 cikin 100 na zambar da ta nazarta tsegumi ne ya tona ta, kuma fiye da rabin masu tsegumin ma'aikatan wurin ne. Masu binciken da ake ɗauko daga waje kashi 3 kacal suka gano. Ba abin mamaki ba ne. Oditan waje sai an share masa hanya, an jera masa takardu, sannan ya zo. Akawu da mai kula da sito kuwa, kullum a gabansu ake aringizon rasit.

"Dandalin munafukai ne." Ƙarya kan shigo, amma kira ba hukunci ba ne, bincike kawai yake buɗewa.

"Ko ka ɓoye suna, sai an gano ka." To, a nan fa kada a yi saurin ƙaryata mai tsoro. A 2016 shugaban bankin Barclays na Ingila, Jes Staley, ya sa aka nemo masa wanda ya rubuta wasiƙar ƙorafi ba suna. Ba a gano mutumin ba, kuma a 2018 hukumomi suka ci Staley tarar fam 642,430. A shekarar 2016 ɗin dai, tsofaffin ma'aikatan bankin Wells Fargo na Amurka sun ce an kore su bayan sun kira layin bankin kan asusun bogi da ake buɗewa da sunan abokan hulɗa. A ganina, kafin ka kira, fara tambayar wa ke ɗaukar wayar: kamfani ne mai zaman kansa da ke kai rahoto ga kwamitin daraktoci, ko yaron oga ne?

"Akwai lada." Ba kasafai ake samunsa a layin kamfani ba. Ladan kashi 2.5 zuwa 5 da ake ji, na tsarin da gwamnatin Najeriya ta fito da shi ne a Disamban 2016, kan dukiyar gwamnati da aka ƙwato.