Me Ya Sa Gindin Dam Ya Fi Samansa Kauri?

Duk wanda ya taɓa zuwa dam ɗin Guzuguzu ko na Magaga a ƙasar Kabo, ko na Pada da Marashi a ƙasar Gwarzo, zai lura da abu ɗaya. Saman bangon dam ɗin ba shi da faɗi sosai, amma gindinsa ya baje ƙwarai da gaske. Wasu suna zaton ɓarnar ƙasa ce kawai aka yi. Ba haka ba ne. Dalilin shi ne wani abu da ake koya wa yara a darasin kimiyya, ana kiransa matsi.

Mene ne matsi?

Matsi shi ne yadda nauyi yake danne wuri. Idan nauyi ya taru a ɗan ƙaramin wuri, matsi zai yi yawa. Idan wannan nauyin ya bazu a wuri mai faɗi, matsi zai ragu.

Matan karkara sun daɗe da sanin wannan, ko da ba su san sunansa ba. Mace ta ɗauko tulun ruwa ba gammo, sai tsakiyar kanta ya yi ta zafi. In ta sa gammo sai ta ji sauƙi. Gammo bai rage nauyin tulu ba ko kaɗan, raba nauyin ya yi a faɗin kai. Haka raƙumi: ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma a cikin yashi ƙafar jaki ce take nutsewa, domin tafin raƙumi yana da faɗi. Shi kuwa mahauci akasin haka yake nema. Yana wasa wuƙa ne don ƙarfin hannunsa ya taru a siririn baki.

A makaranta, ana samun matsi ne idan aka raba ƙarfin da ya danne wuri da girman wurin. Ma'aunin sunansa faskal, sunan wani masani ne mutumin Faransa da ya rasu a 1662.

Ruwa ma yana da matsi

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan, ɗan garuwa shaida ne. To, ruwan da yake ƙasa yana ɗauke da duk ruwan da yake samansa. Saboda haka, yadda zurfi yake ƙaruwa haka matsi yake ƙaruwa. Kuma ruwa ba ƙasa kaɗai yake dannewa ba, har gefe yana turawa, ta ko'ina.

Ɗan makaranta zai iya gwada wannan a gida. Ya sami tsohon gwangwani mai tsawo, ya huda shi da ƙusa wuri uku: sama, tsakiya da ƙasa. Ya ɗora shi a kan turmi, ya cika shi da ruwa. Hujin sama zai riƙa zuba a hankali, na ƙasa kuwa zai yi tsartuwa da ƙarfi. Shi ya sa ake ɗaga tankin burtsatse sama, don ruwa ya zo famfo da ƙarfi. Shi ya sa kuma yaro mai ninkaya yake jin kunnensa yana ciwo in ya nutsa ƙasa.

Ga lissafin. A zurfin mita 10, wuri mai girman tafin hannun babban mutum yana ɗauke da matsin kimanin kilo 100, wato buhun masara guda. Wuri mai girman ƙyauren ɗaki kuwa, kimanin buhu 200 ke nan yake tura shi, dare da rana, ba hutu. Dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, wanda aka gama a 1992, tsayin bangonsa ya kai kimanin mita 40. Mai karatu ya ƙiyasta abin da gindinsa yake tarewa idan ya cika.

Wani abin mamaki shi ne, faɗin ruwa ba ya ƙara matsi. Rijiya mai ruwan mita 10 da dam mai ruwan mita 10, matsin da ke ƙasansu ɗaya ne. Bambancin sai ranar da bango ya karye: a nan ne yawan ruwan yake nuna kansa. Mutanen Kano ba su manta da watan Agusta na 1988 ba, lokacin da dam ɗin Bagauda ya ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. A watan Satumba na 2024 ma dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya mamaye yawancin Maiduguri.

Inda haɗarin yake

Bangon waɗannan madatsun ruwa ƙasa ce aka tara aka daddanne. Kaurin gindinsa da nauyinsa su ne ƙarfinsa. Wanda ya je gindin dam da diga yana ɗibar ƙasar bulo, ko ya yi noma a jikin bangon, to ya rage kauri a daidai inda ruwa ya fi turawa. Shi a ganinsa amalanke ɗaya ce kawai ya ɗiba, amma ba shi kaɗai ne mai amalanke a garin ba.

Itatuwa ma ba a son su a jikin bango. In bishiya ta mutu, saiwarta takan ruɓe ta bar rami. Ramin gafiya da gidan gara su ma haka. Ruwa mai matsi in ya sami ɗan huji sai ya bi, yana kwasar ƙasa kaɗan-kaɗan, hujin yana ƙara faɗi daga ciki, ba wanda ya gani.

Sai kuma mafitar da aka gina wa dam don ruwa ya wuce in ya cika. Toshe ta da buhunan yashi don a ƙara tara ruwan noman rani ganganci ne. Ruwan zai ƙara zurfi, matsi ya ƙaru, in ya haura ta saman bangon ƙasa kuwa, wanke shi zai yi.

Akwai alamun da ya kamata masunta, makiyaya da manoman rani su sa wa ido, tunda su ne kullum a wurin. Ɗan farin ruwa mai tsattsafowa a bayan dam ba lalle ne ya zama matsala ba. Amma in ruwan ya zama ja ko mai laka, ko yana ƙaruwa kullum, to ƙasar cikin bangon ce yake fitarwa. Haka in an ga tsaga a saman bango, ko wani wuri ya lotsa, ko ruwan dam yana juyawa kusa da bango kamar ana zuƙe shi. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan kada ya tsaya cusa ƙasa da kansa. Ya sanar da mai unguwa ko dagaci a ranar, don a kai maganar ga hakimi da ma'aikatan ruwa, a kuma faɗa wa ƙauyukan da ke gangaren dam ɗin kafin dare ya yi.