Maigida, kai ma jiki gare ka

Idan muka fita rangadin azuzuwan yaƙi da jahilci, littafin kiran suna muke fara dubawa. Bara da rani, a wani ƙauye na jihar Maraɗi, muka ga sunan wani magidanci da ya yi wata biyu bai zo aji ba. Shi ne kuwa gwanin lissafi a ajin. Malaminsu ya ce tari ya kama shi tun kaka.

Muka tafi gaishe shi. Muka iske shi zaune gindin bedi, ya rame ƙwarai. Muka ce: "Maigida, ka je likita kuwa?" Ya ce: "Haba Malam, tari ne kawai. In na je na bi layi da mata masu goyo, me za a ce da ni a dandali?"

Da ƙyar ƙanensa ya ɗora shi a amalanke zuwa asibiti. Aka auna majinarsa, aka ga tarin fuka ne. Ya sha magani wata shida, Allah ya ba shi lafiya. Amma kafin nan autansa ya ɗauki cutar, kuma shuka da noman farko sun wuce shi yana kwance. Rumbunsa bai cika ba a wannan shekara.

Daga ina wannan hali ya fito?

Tun yaro yana ƙarami, in ya faɗi ya yi kuka, sai a ce masa: "Yi shiru, kai ba namiji ba ne?" Da haka yake tasowa. Ya koyi cewa faɗin ciwo ragwanci ne. In ya girma ya yi iyali, sai ya ɗauka gidan likita na mata da yara ne. Jimiri hali ne mai kyau, shi ke noma gona cikin zafin rana. Amma jimiri ba ya kashe ƙwayar cuta. Ga wurare huɗu da wannan hali ke cutar maza.

Na ɗaya: tari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da rabin masu kamuwa da tarin fuka maza ne manya. Alamominsa su ne tarin da ya wuce mako biyu, da zufar dare, da rama, wani lokaci da jini cikin majina. Cutar tana bin iska. Mai ɓoye ta yana raba ta ga matarsa da ƴaƴansa da abokan hirarsa. A Nijar kyauta ake ba da maganin. Sharaɗinsa ɗaya ne: a sha kullum har wata shida, ko da an ji sauƙi.

Na biyu: fitsarin jini

A wasu garuruwan bakin gulbi da tabki, in yaro ya fara fitsarin jini sai a ce ya zama namiji. Wannan kuskure ne babba. Sunan cutar tsargiya. Wata tsutsa ce ƙarama da ke fitowa daga katantanwar ruwa. Tana huda fatar mai wanka, ko mai su, ko mai noman shinkafa. In ta daɗe a jiki tana lalata mafitsara da ƙoda, tana iya taɓa haihuwa. Tun shekara ta 2004 aka soma rabon maganinta a makarantu da ƙauyukan ƙasarmu. Akan auna tsawon mutum, a ba shi ƙwayoyi daidai da shi.

Na uku: gwaiwa da ciwon gaba

Maza da yawa sukan ɓoye kumburin mara ko na maraina shekara da shekaru saboda kunya. Aikin tiyata yana gyara shi. Amma ranar da kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga ciwo mai tsanani da amai, to hanji ya shaƙe. A kai mutum asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Haka ciwon sanyi: mai sayen ƙwaya a tebur cikin ɓoye yakan bar matarsa da cutar, ita kuma ta sake mayar masa. Miji da mata tare ake yi musu magani.

Na huɗu: nuna ƙarfi a gona

Wasu samari suna shan tramol don a ce sun fi kowa a wurin gayya. Ƙwayar tana ɓoye gajiya ne kurum, jiki kuwa yana ci gaba da lalacewa. Tana kama mutum har ya kasa bari, tana kuma jawo faɗuwa irin ta farfaɗiya. Wasu kuma sukan yi feshin maganin ƙwari a gonar wake ba riga, ba abin rufe hanci, wai su guba ba ta kama su. Guba ba ta san jarumi ba. Mai feshi ya sa riga mai dogon hannu da wando da takalmi, ya rufe hanci da baki, ya ba iska baya. Kada ya ci goro ko ya sha taba yana aiki. In ya gama ya yi wanka da sabulu, kuma kada a zuba ruwan sha a galan ɗin maganin.

Maza suna iya sakewa

A shekara ta 2008 aka buɗe makarantun mazaje na farko a jihar Damagaram, da taimakon asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a. Magidanta masu mutunci sukan zauna tare da ma'aikatan lafiya, su tattauna awon ciki da haihuwa a gidan likita, sannan su faɗakar da sauran maza. Daga baya tsarin ya bazu zuwa sauran jihohi. Ba wanda ya ce rawaninsu ya faɗi don sun taka ƙofar likita. Namijin da ya raka matarsa awo, me zai hana shi miƙa hannu a auna masa jini? Hawan jini ba ya sallama. Sau da yawa sai ya shanye rabin jikin mutum ake sanin yana nan.

Abin da muke roƙo

Maigida, in tari ya kai mako biyu, ka tafi awo. In ka ga jini a fitsarinka ko na ɗanka, ka nemi magani. In ka kai shekara 40, a riƙa auna jininka ko da kana jin garau. A gaban likita ka faɗi gaskiya duka, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi. In yaronka ya ce wuri kaza na yi masa ciwo, ka saurare shi kafin ka tsawata.

Malaman aji kuma, ku karanta wannan shafi tare da ɗalibai. In kun ga wani ya daina zuwa, ku bi sawunsa har gida. Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka, amin.