Mujallar Biophysical Journal: Abin da take bincike a kai da yadda ake auna tasirinta

Duk wanda yake da ɗan'uwa ko maƙwabci malamin jami'a ya taɓa jin ƙorafin nan: ƙarin girma ya tsaya saboda maƙalun da aka wallafa ba su kai adadi ba, ko kuma mujallun da suka fito a ciki ba su da nauyi a idon kwamitin tantancewa. Nauyin da ake magana a kai yawanci wata lamba ce guda ɗaya, wadda ake kira ma'aunin tasiri. Da ita ake ɗaga wata mujalla a ƙasƙantar da wata, kuma a wurare da dama ita ke yanke wa mutum hukuncin samun muƙami ko tallafin bincike. Domin a fahimci abin da lambar ke faɗi da abin da take ɓoyewa, yana da kyau a ɗauki mujalla guda a duba ta ciki da bai. Biophysical Journal ta dace da wannan aiki, domin tana da suna a fagenta, amma lambarta ba ta da girman da za ta burge wanda bai san fagen ba.

Wane fage ne wannan?

Bayofiziks reshe ne na kimiyya da ke ɗaukar kayan aikin fiziks, wato lissafi da awo da ƙa'idojin ƙarfi da zafi da lantarki, ya yi amfani da su wajen fahimtar abu mai rai. Masanin halittu yakan tambayi mene ne wannan sashe na jiki, kuma mene ne aikinsa. Masanin bayofiziks kuwa yakan ƙara da cewa: da wane ƙarfi yake aikin, cikin wane sauri, kuma wace ƙa'ida ce ta tilasta masa yin haka?

Ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka, Biophysical Society, ta yi babban taronta na farko a birnin Kolombus na jihar Ohayo a 1957, aka kafa ta a hukumance a 1958. A 1960 ta fara fitar da mujallarta. Madaba'ar Jami'ar Rockefeller ce ta fara buga ta, kuma tun daga 2009 kamfanin Cell Press, wanda reshe ne na Elsevier, ke wallafa ta a madadin ƙungiyar. Tana fitowa sau biyu a wata, kuma babu maƙalar da ke shiga sai wasu ƙwararru a fannin sun karanta ta sun tantance hujjojinta.

Batutuwan da mujallar ta fi mayar da hankali a kai sun kasu gida-gida. Akwai binciken furotin, wato ƙananan sinadaran da ke gudanar da kusan kowane aiki a jiki, da yadda suke naɗewa su ɗauki siffar da za ta ba su damar aiki. Akwai binciken tantanin da ke lulluɓe kowace ƙwayar halitta, da ƙananan ƙofofin da ke jikinsa waɗanda gishirin jiki ke bi ya shiga ya fita. Ta waɗannan ƙofofi ne saƙon jijiya ke tafiya, kuma da su zuciya ke bugawa. Akwai binciken tsoka da 'yan mitsi-mitsin injinan da ke ɗaukar kaya a cikin ƙwayar halitta. Akwai binciken sinadarin gado na DNA da yadda yake nannaɗe. Sai kuma ƙirƙirar sababbin hanyoyin gani da awo, da kwaikwayon motsin sinadarai a kwamfuta.

Inda binciken ya taɓa gidajenmu

Mai karatu zai iya cewa wannan duk zancen ɗakin gwaji ne na ƙasashen waje. Cutar sikila ta isa ta nuna akasin haka. Najeriya ce ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar jarirai masu wannan cuta a duniya, kuma kusan duk abin da aka sani game da yadda take aukuwa a cikin jini aikin masana irin wannan fanni ne.

A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa sinadarin himogulobin na mai sikila ya bambanta da na mai lafiya ta fuskar cajin lantarki. Bayan 'yan shekaru Vernon Ingram ya gano cewa bambancin bai wuce sauyin tubali guda ba a cikin jerin tubalan da suka gina sinadarin. Wannan ɗan sauyi ne ke sa sinadarin, idan ya saki iskar oksijin, ya manne da 'yan'uwansa su zama dogayen zaruruwa masu tauri, su lanƙwasa jar ƙwayar jini ta zama kamar lauje. A shekarun 1970 William Eaton da James Hofrichter a Amurka suka gano cewa zaruruwan ba sa samuwa nan take. Akwai wani ɗan jinkiri, kuma tsawonsa ya dogara ƙwarai da kaurin sinadarin a cikin ƙwayar. Idan ƙwayar ta riga ta wuce siraran hanyoyin jini kafin jinkirin ya ƙare, ta tsira. Idan kuwa ya ƙare tana ciki, sai ta toshe hanya, ciwo ya tashi. Daga nan ake fahimtar dalilin da ya sa likitoci ke nanata wa mai sikila ya yawaita shan ruwa, da kuma yadda maganin hydroxyurea ke taimakawa ta hanyar ƙara nau'in himogulobin na jarirai, wanda ba ya shiga cikin zaruruwan.

Shi ma awon laushi da taurin jar ƙwayar jini, wanda Evan Evans ya wallafa muhimman maƙalu a kansa a wannan mujalla tun a shekarun 1970, ya shafi zazzaɓin cizon sauro, domin ƙwayar cutar tana taurara ƙwayar jinin da ta shiga.

Yadda ake lissafa ma'aunin tasiri

A al'adar masana, duk wanda ya gina bincikensa a kan aikin wani dole ne ya ambace shi a ƙarshen maƙalarsa. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya ba da shawara a 1955 cewa a riƙa tattara waɗannan ambato domin a ga wane aiki ne ya haifi wane. Ya kafa cibiya a Filadelfiya, ya fitar da kundin ambato na kimiyya a 1964, sannan a tsakiyar shekarun 1970 aka fara fitar da rahoton shekara-shekara na mujallu. A yau kamfanin Clarivate ne ke fitar da shi.

Lissafin ba shi da wuya. Ana ƙirga sau nawa aka ambaci maƙalun da mujalla ta buga a shekaru biyu da suka gabata a cikin shekarar da ake magana, sai a raba da adadin maƙalun. A matsayin misali kawai, a ce wata mujalla ta buga maƙala 1,000 a 2022 da 2023, aka ambace su sau 3,500 a 2024. Ma'auninta na 2024 zai zama 3.5.

A 'yan shekarun nan ma'aunin Biophysical Journal yana shawagi ne a kusan 3 zuwa 4. Mujallar Nature tana da gommai. Wata mujallar likitocin kansa ta Amurka tana da ɗaruruwa. Wanda ya tsaya a kan waɗannan lambobi kaɗai zai ɗauka cewa mujallar bayofiziks ƙaramar alhaki ce. Tarihin abin da ta buga bai yarda da wannan hukunci ba.

Maƙalun da suka daɗe suna haihuwa

A 1952 Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila suka bayyana da lissafi yadda saƙon lantarki ke bin jijiya, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1963. Lissafin nasu yana da sarƙaƙiya. A 1961, a kundin farko na Biophysical Journal, Richard FitzHugh ya rage shi zuwa ma'auni biyu kacal ba tare da ya zubar da jigon ba. Har gobe ana koyar da wannan tsari, kuma masu nazarin rikicewar bugun zuciya suna amfani da shi.

A 1972 Hugh Wilson da Jack Cowan na Jami'ar Shikago suka wallafa a mujallar lissafin yadda rukunonin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke zuga juna da kuma danne juna, wanda ya zama ginshiƙi ga masu nazarin ƙwaƙwalwa da cutar farfaɗiya. A 1976 Daniel Axelrod da abokan aikinsa suka bayyana hanyar auna motsin sinadarai a kan tantanin ƙwayar halitta, ta hanyar dusashe hasken wani ɗan wuri da lesa sannan a jira a ga saurin dawowarsa. A 1977 Howard Berg da Edward Purcell, wanda ya riga ya karɓi Nobel ta fiziks a 1952, suka lissafa iyakar daidaiton da ƙwayar bakteriya za ta iya kaiwa wajen shinshino abinci a cikin ruwa. A 1992 Arthur Ashkin ya wallafa lissafin ƙarfin da hasken lesa ke riƙe ƙanƙanin abu da shi, wato abin da ake kira matsefatar haske. Ƙirƙirar wannan na'ura ce ta ba shi Nobel a 2018 yana da shekara 96.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan maƙalu an ambace ta sau dubbai. Amma mafi yawan ambaton ya zo ne bayan shekaru masu yawa, lokacin da ƙofar shekaru biyun nan ta daɗe da rufewa. Ma'aunin tasiri bai ƙirga shi ba. Sannu ba ta hana zuwa, amma wannan ma'auni ba ya jiran mai zuwa a sannu.

Inda ma'aunin ke tauye mudu

Tauyewa ta farko ita ce ta lokaci, kamar yadda aka gani. Ta biyu ita ce ta bambancin fanni. Ɗan kasuwa ya san cewa ba a gwada mai tumatir da mai sayar da injin niƙa da yawan masu saye a rana. Fannin da ke da dubban masu bincike, kamar kansa, dole ambato ya yi yawa a cikinsa. Fannin da masanansa ba su da yawa, kuma aikinsa ke buƙatar zurfin lissafi, ambatonsa zai zo kaɗan-kaɗan. Kwatanta mujallu yana da ma'ana ne kawai idan na fanni ɗaya ne.

Ta uku ita ce matsalar matsakaicin lissafi. Idan attajiri ɗaya ya zauna cikin leburori tara aka raba dukiyarsu gida goma a takarda, kowa zai fito mai kuɗi. Haka abin yake a mujallu: 'yan maƙalu kaɗan ne ke kwashe mafi yawan ambato, saura kuwa suna ƙasa da lambar da aka ba mujallar. Saboda haka fitowar maƙala a babbar mujalla ba ta tabbatar da cewa ita kanta maƙalar ta yi tasiri, kamar yadda fitowarta a matsakaiciya ba ta rage mata daraja.

Ta huɗu ita ce maguɗi. Maƙalun sharhi da ke taƙaita binciken wasu sun fi jawo ambato, don haka mujallar da ta cika shafukanta da su lambarta kan hau. Wasu editoci kan matsa wa marubuta su ambaci mujallarsu, abin da ke sa Clarivate ta dakatar da wasu mujallu daga rahotonta. Ambaton kansa ma ba kullum yabo ba ne. Ana ambatar aiki domin a ƙaryata shi, kuma lissafin ba ya bambancewa.

Waɗannan dalilai ne suka sa wasu editoci da masana suka haɗu a San Faransisko a watan Disamba na 2012 suka tsara sanarwar da aka fi sani da DORA, wadda ta yi kira da a daina amfani da ma'aunin mujalla wajen yanke hukunci kan ɗaukar aiki da ƙarin girma da rabon tallafi. Shi kansa Garfield ya sha yin gargaɗi a kan auna mutum ɗaya da lambar da aka tsara domin auna mujalla.

Darasi ga masu yanke hukunci

A jami'o'in Najeriya wallafa maƙala sharaɗi ne na hawa matakin aiki, kuma da kuɗin jama'a ake ɗaukar nauyin bincike da yawa, ta hannun asusun TETFund da makamantansa. Matsin lambar wallafawa ya buɗe kasuwa ga mujallun bogi na intanet, masu karɓar kuɗi su buga komai cikin 'yan kwanaki ba tare da tantancewa ba, wasu ma har da liƙa lambar tasiri ta ƙarya a shafinsu. A nan ma'aunin gaskiya yana da amfani, domin kasancewar mujalla a cikin rahoton Clarivate ko kundin Scopus alama ce cewa ta tsallake wani matakin tantancewa.

Amma aikinsa ya kamata ya tsaya nan. Jami'in da aka ɗora wa alhakin tantance takardun wani ya kamata ya binciki ƙungiya ko madaba'ar da ke bayan mujallar, ya kwatanta ta da takwarorinta na fanni ɗaya, ya duba sau nawa aka ambaci ita maƙalar kanta da kuma su wane ne suka ambace ta, sannan ya sa wani masanin fannin ya karanta ta. Wannan ya fi duba lamba cin lokaci. Sai dai kwamitin da ya dogara ga lamba kaɗai zai iya tsallake aiki irin na FitzHugh, wanda ya haura shekara 60 ana amfani da shi, ya ba da muƙami ga tarin takardun da babu wanda ya sake buɗe su.