Cin Ƙasa: Ciwon Da Mata Ke Ɓoyewa A Ƙuryar Ɗaki

A garin Damagum, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fune da ke kan hanyar Potiskum zuwa Damaturu, akwai wata matar aure mai 'ya'ya huɗu wadda ta shekara bakwai tana cin ƙasa ba da sanin mijinta ba. Shi maigidan bin motocin shanu yake yi daga kasuwar Potiskum zuwa Ikko, yakan yi wata biyu ko uku bai leƙo gida ba.

Abin ya soma ne tana da cikin fari. Ran da aka yi yayyafin farko na damina ƙanshin ƙasa ya buge ta, yawunta ya tsinke, ta ɓantari bangon ɗaki ta jefa a baki. Daga bango ta koma farar ƙasa ta kasuwa, tana aiken yara su sayo mata, tana ƙullewa a gefen zane. Tsofaffin gidan suka ce ai kwaɗayin ciki ne, in ta sauka zai wuce. Ta sauka lafiya, aka yi suna, aka yi arba'in, amma bai wuce ba.

Abin da ta fi tunawa a waɗannan shekaru shi ne kunya. Takan jira kishiyarta ta fita unguwa sa'an nan ta shige ƙuryar ɗaki, in ta gama ta kurkure baki don kada a ga fari a leɓenta. Sau da yawa ta yi wa kanta alkawarin dainawa da asuba, kafin la'asar ta karya. Tuwo ya daina yi mata daɗi. Tana daka kaɗan sai haki, in ta miƙe sai jiri, bayan gida kuwa sai ta kwana uku ba ta yi ba. Duk da haka ba ta taɓa kawo wa ranta cewa ciwo ne ba, ta ɗauka mugun hali ne kawai da rashin haƙuri.

To, likitoci dai ciwo suka ɗauke shi, suna kiransa pika, watau mutum ya dinga cin abin da ba abinci ba har tsawon wata guda ko fiye. Wasu ƙasa suke ci, wasu gawayi ko toka, wasu kuma ƙanƙara suke tauna ba ji ba gani. An lura yakan tafi tare da ƙarancin jini, musamman irin wanda rashin sinadarin ƙarfe a jiki ke kawowa. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan, gama binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 61 cikin 100 na mata masu ciki suna da ƙarancin jini. Mugun abin shi ne, yumɓu yakan riƙe ɗan sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci ya hana shi shiga jini, jinin ya ƙara raguwa, sha'awar kuma ta ƙi kwantawa. Ga tsutsar ciki da ake iya haɗiya tare da ƙasar.

Mai karatu da ke zaune a Kudu ya san wannan kaya, ko da bai san aikinsa ba. Shi ne wanda ake kasawa a kasuwanni ƙulli-ƙulli, Ibo suna ce masa nzu. Har Turai an kai shi. A 2002 hukumar kula da abinci ta Ingila ta gargaɗi mata masu ciki su guje shi saboda gubar dalma da aka samu a ciki, a 2009 kuma hukumomin lafiya na Amurka suka yi irin wannan gargaɗi. Wanda ya tuna yaran da dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Dalmar da uwa ta ci tana isa ga ɗan da ke cikinta.

Asirin baiwar Allahn nan ya tonu ne a ciki na huɗu, da jiri ya kayar da ita a bakin rijiya aka kai ta awo. Malamar asibiti ta ja fatar idonta ta ga fari fat, ta duba tafin hannu, sa'an nan ta tambaye ta kai tsaye ko tana cin ƙasa, kamar mai tambayar ko ta karya kumallo. Rashin faɗan nan shi ya sa ta faɗi gaskiya. Aka auna jini aka ga ya yi ƙasa ƙwarai, aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da maganin tsutsa, aka ce ta riƙa cin hanta da wake da zogale, ta bi da lemo ko gwaiba, ta kuma daina kora abinci da shayi domin yana hana jiki cin moriyar sinadarin. Ƙwayoyin nan su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta sha kullum, amma mata da yawa sukan watsar da su da zarar sun ga bayan gidansu ya yi baƙi, alhali kuwa wannan ba illa ba ce.

Da maigidan ya dawo ya ji labari, da farko ransa ya ɓaci, don a ganinsa an nuna ba ya ciyar da iyalinsa. A gaskiya hatsi bai taɓa yankewa a gidan ba. Nama ne ba ya shiga tukunya sai jefi-jefi, a gidan mutumin da sana'arsa ke nan kai shanu Kudu. Daga baya ya shirya da wani mahauci, duk mako ana kai hanta gidan, in ya dawo ya biya.

Cikin 'yan makonni sha'awar ta ragu, har ta kai tana wuce mai tallar farar ƙasa ba ta waiwaya ba. Ta koma sau ɗaya bayan yaye, ta faɗa wa kishiyarta da bakinta, aka sake auna jini aka sake ba ta magani. Har yanzu in hadari ya haɗu ta ji ƙanshin yayyafi takan tashi daga tsakar gida ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa, sai ƙasa ta jiƙe sosai take fitowa.