Allurar girma ga kada: darasi ga makiyayan Adar

A yau kada ya shiga sahun dabbobin kiwo a ƙasashe irin su Zimbabuwe, Kenya da Afirka ta Kudu, saboda fatar cikinsa wadda ake ɗinka jakunkuna da takalma masu tsada da ita. Amma kiwon nan yana da babbar matsala: cikin ƴaƴan da aka ƙyanƙyashe, wasu sukan ƙi cin abinci, su tsumbure, har su mutu, mai kiwo ya tafka hasara.

Don neman maganin wannan, a farkon shekarun 1990 masana a ƙasar Kenya suka gwada yi wa ƙananan kadoji allurar sinadarin girma irin na shanu. Shi wannan sinadari wata ƴar tsoka ce da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa take fitar da shi a jikin dabba, shi ke sa ƙashi da nama su ƙaru. Kadojin da aka yi wa allurar sun ƙara cin abinci, sun kuma fi sauran girma.

Sai dai allura ba ta maye gurbin kulawa. Jikin kada yana bin zafin wurin da yake. In ruwa ya yi sanyi sai cinsa ya ragu. Ya fi walwala wajen awo 30 zuwa 32 na zafi. Cunkoso da ƙazanta su ma suna tsumburar da shi.

Ƙasashen duniya ba su zama baki ɗaya ba kan wannan sinadari. Amurka ta yarda a yi wa shanun madara allurarsa a 1993, Tarayyar Turai kuwa ta haramta a 1999. A nan Nijar, yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta hana fataucin fatar kadan daji zuwa ƙetare.

Ga makiyayan Karofane da sauran garuruwan Buza, Madawa da Keita masu turke raguna, darasin a fili yake. Ƙwayoyin ƙiba da ake tallarsu a kasuwa ba tare da iznin likitan dabbobi ba, wasunsu ruwa suke tarawa a jikin rago, mai saye ya biya kuɗin nama ya tashi da kumburi. Harawa, dussa, ruwa mai tsabta da maganin tsutsar ciki su ne tushen ƙiba ta gaskiya. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa. Kowa ya ga dabbarsa ta ƙi ci, sai ya garzaya ma'aikatar kiwo mafi kusa da shi.