Kifin ado a tsakiyar Sahara: Abin da mai farawa a Tamanrasset zai duba kafin ya saya

Wanda ya taɓa cin karfasa ya riga ya san dangin kifin da masana ke kira sikilid, domin ita ma 'yar gidan ce. Aljeriya tana da nata: a shekarar 1848 aka fara rubuta bayanin karfasar nan mai jan ciki, Tilapia zillii, daga ruwan Touggourt, kuma har yau akan same ta a wasu tafkunan duwatsu na Sahara. Sai dai na cikin akwatin gilashi ba su da juriyarta. Sau da yawa mutum zai sayi kifi saboda launi ya burge shi, kafin mako biyu duk sun mutu, kuɗi sun tafi, yara na kuka.

Abu na farko shi ne ruwa. Tun 2011 Tamanrasset ke shan ruwan ƙarƙashin ƙasa da ake turowa daga In Salah ta bututu mai tsawon kusan kilomita 750. Irin wannan ruwa yakan ɗauko ma'adinai da yawa, don haka a gwada shi da takardar gwaji. Idan ma'aunin pH ya kai 7.5 zuwa 8.5, kifayen Tafkin Malawi ne suka fi dacewa, domin haka ruwan gidansu yake.

A cikinsu, mafi sauƙi ga mai farawa shi ne Labidochromis caeruleus, rawaya shar, tsawonsa kamar santimita 10, kuma ba shi da faɗa sosai. Akwati mai lita 200 zai ɗauki namiji ɗaya da mata uku ko huɗu. A jera duwatsu masu ramuka domin wanda aka kora ya samu maɓoya. In ka ga mace ta daina ci, haɓarta ta kumbura, kada ka tsorata: ƙwai ne take riƙe da su a baki na kusan mako uku.

Mai ƙaramin ɗaki kuwa, sai ya nemi kiribensis, wanda asalinsa daga kogunan kudancin Najeriya ne. Namiji da mace a lita 80 zuwa 100, da 'yar tukunyar ƙasa a kife a matsayin kogo, sun wadatar. Amma kada a haɗa shi da na Malawi, za su takura masa. Shi ma oska a bar shi tukuna. Ɗan mitsitsi ake sayar da shi, amma yakan wuce santimita 30, ya haɗiye duk wanda ya shiga bakinsa.

Sai haƙuri. A kunna matatar ruwa, ana ɗan jefa abinci kaɗan, a bar akwatin mako huɗu zuwa shida babu kifi, har ƙwayoyin da ke cinye gubar kashin kifi su yaɗu. Gaggawa a nan ce ke kashe yawancinsu.

Garin yana kan tudu, kusan mita 1,400, kuma daren hunturu na da sanyi ƙwarai. Dole a sa na'urar ɗumama ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26. Busasshiyar iska kuma na ƙafar da ruwa, gishirin ya rage a ciki, saboda haka ciko kaɗai bai isa ba. A rufe akwatin, a riƙa zubar da rubu'in ruwan duk mako, a sa sabo wanda aka cire wa kulorin.

In kifi ya gundure ka, ka ba wani. Kada ka sake shi a tafkunan Ahaggar irin su Afilal da Issakarassene, waɗanda aka sa cikin jerin Ramsar, Issakarassene a 2001, Afilal kuma a 2003. Baƙon kifi ɗaya na iya kawo cutar da za ta gama da 'yan asalin wurin, waɗanda suka tsira tun zamanin da Sahara ke da koguna.